A riƙa kunna agogon gadi tun daga tashin na'ura

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin masu girka ƙananan kwamfutoci a wuraren da babu mai zama kusa da su, kamar tashoshin auna yanayi da na'urorin raba intanet da ke kan hasumiya. Yawancinsu suna ɗauke da agogon gadi, wanda yake ƙirga daƙiƙoƙi, kuma idan manhaja ba ta taɓa shi ba, wato ba ta aika masa alamar cewa tana aiki ba, har wa'adin ya cika, sai ya sake tayar da na'urar da kansa. Kumbon Clementine na Amurka ya ƙarar da mansa a 1994 bayan kwamfutarsa ta daskare, alhali yana da irin wannan agogo da ba a yi amfani da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake kunna shi. A tsarin Linux mai amfani da systemd, wato manhajar da ke tayar da sauran manhajoji tana kula da su, agogon yana nan a kashe sai an sa masa wa'adi a saitin da ake kira RuntimeWatchdogSec, kuma ko an sa, gadin ba ya farawa sai systemd ya tashi. Kafin nan akwai tazarar da ake loda ƙashin tsarin (wato kernel, tushen manhajar Linux), ake neman faifan ajiya, kuma a nan ne na'ura take yawan maƙalewa idan an ɗauke wuta an maido ba zato, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu. Idan ta maƙale a wannan gaɓa, sai dai a tura mutum ya hau hasumiya.

Don haka nake ganin ya kamata manhajar tayarwa, irin su U-Boot, ta kunna agogon tun farko, sannan Linux ya karɓi aikin taɓa shi. Tun daga fitowar Linux ta 5.3 a 2019, ana iya ƙayyade masa tsawon jiran da zai yi kafin ya daina taɓa agogon, idan har sauran tsarin bai tashi ba.

Sai dai a yi hattara da wa'adin. Agogon ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ba ya wuce kimanin daƙiƙa 15, kuma idan binciken faifai ya fi tsawon jiran da aka ƙayyade, na'urar za ta yi ta tashi tana mutuwa. A auna tashinta mafi jinkiri kafin a zaɓi adadi.

Wassalam.
Wani mai karatu daga Zariya