A daina tashi zuwa wurin firinta

Edita, ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu shagon buga takardu. Yawancin firintocin HP da Brother masu Wi-Fi suna da shafin saiti. Ka sa firintar ta buga bayanin haɗinta, ka ɗauki lambar IP, wato adireshin firintar a kan Wi-Fi, irin 192.168.1.50, ka rubuta a burauzar wayarka, shafin zai buɗe muddin wayar da firintar na kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Kana zaune za ka ga sauran tawada, ka mayar da takarda A4.

Ni ɗauke wuta ya fi damuna: in wuta ta dawo, rauta ta ba firinta sabuwar lambar IP, kwamfuta ta nemi firinta ta rasa, ɗalibai na tsaye da furojet. Maganinsa a kafe lambar a shafin saitin, ta daina sauyawa. Kalmar sirrin da firintar ta zo da ita kuma a sauya, yaran shago akwai taɓe-taɓe.

Mai shagon buga takardu,
Samaru, Zariya