Tallan Bindiga "Mai Mizanin Soja" da Abin da Dokarmu Ta Ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta shiga majalisun matasa a nan Bauchi, musamman tun da masu garkuwa da mutane suka addabi wasu ƙauyukan Alkaleri, Toro da Ningi. Maganar ta samo asali ne daga bidiyoyin da Amurkawa ke sakawa a YouTube da Facebook, inda suke nuna wa sabon shiga yadda zai zaɓi bindigarsa ta farko mai sauƙin kuɗi, suna ta nanata cewa an ƙera ta bisa mizanin soja. Yaranmu suna kallo, suna ɗauka cewa wannan tambari shaida ce ta inganci, har wasu suna ganin da za su sami irinta da sun huta da fargaba. Tsoron da ke ransu gaskiya ne, kuma ban raina shi ba, amma fahimtar da suka yi wa lamarin tana da gyara.

Bindigar da aka fi tallatawa ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, aka sayar wa kamfanin Colt ƙirarta a 1959, sojan Amurka kuma suka karɓe ta da sunan M16, daga baya aka fitar da gajeruwar 'yar'uwarta M4. Wadda ake sayar wa farar hula tana ɗura wa kanta harsashi, domin iskar albarushin da ya ƙone ita ce ke tofar da kwanso ta shigar da sabo, amma duk dannawar kunama ɗaya harsashi ɗaya ne ke fita. Ta soja kuwa tana da makunnin da ke sa ta yi ta aman wuta. Yau kamfanoni da yawa ne ke ƙera ta farar hular, kuma ana samun masu araha a ƙasa da dala 1,000.

To mene ne mizanin soja? Takardun kwangila ne da ma'aikatar tsaron Amurka ke gindaya wa duk kamfanin da zai ƙera mata makami. A cikinsu an faɗi irin alminiyam ɗin da za a yi gangar jikin bindigar da shi, wato mai lamba 7075, da irin rufin da za a yi masa don kada ya zaizaye. An faɗi irin ƙarfen da za a yi sakatar da ke kulle harsashi, an kuma wajabta a gwada ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na kullum, sannan a bincika ta da maganaɗisu ko akwai tsagar da ido ba ya gani. An ce a shafe cikin bututun da kurom, wani ƙarfe mai hana tsatsa. An ƙayyade awon kowane ɗan ƙarfe, komai ƙanƙantarsa. Manufar duk wannan ita ce idan wani ɓangare ya lalace a fagen daga, a iya cire irinsa daga wata bindiga, ko da wani kamfani ne ya ƙera ta, a saka ya zauna daram. Kamar mudun da hukuma ta tantance a kasuwar Muda Lawal ne, wanda ke tabbatar maka awon kowa ɗaya ne, ba ya ce maka hatsin da ke ciki shi ne mafi kyau a kasuwar. Mizanin soja mafi ƙarancin abin da gwamnati za ta karɓa ne daga ɗan kwangila, kuma sau da yawa wanda ya fi sassauta farashi ne ke samun aikin.

Waɗannan sharuɗɗa ba daga sama suka faɗo ba, wasunsu da jinin sojoji aka rubuta su. A yaƙin Vietnam an sauya irin albarushin da ake ɗura wa harsashin M16, ba a shafe mazaunin harsashi da kurom ba, kuma an raba wa sojoji da yawa bindigar ba tare da isassun kayan gogewa ba. A cikin danshin dajin ƙasar sai kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar musayar wuta, mutane suka mutu da bindiga a hannu. Majalisar wakilan Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967, aka gyara ƙirar, aka tsananta gwaji da horo. Ke nan ƙarfin mizanin yana ga sufetocin gwamnati da ke tsayawa a masana'anta su duba, su ƙi karɓar abin da bai cika ba, da kuma horon da ake ba sojan da zai riƙe makamin.

Nan ne tallan ya rabu da gaskiya. Bindigar kanti ba ta bin ta hannun waɗannan sufetoci, saboda haka idan kamfani ya rubuta mizanin soja a kwalinsa, maganar bakinsa ce kawai, galibi kuma yana nufin awon wasu sassa ya yi daidai da na soja. Dokar Amurka ma ba ta bari su zama ɗaya: bututun M4 inci 14.5 ne, alhali na farar hula ba ya gaza inci 16 sai da rajista ta musamman, kuma tun 1986 aka haramta sayar wa farar hula sabuwar bindiga mai aman wuta. Su kansu Amurkawa, da kundin tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami, ba su gama jayayya a kan wannan bindiga ba, domin da irinta aka kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, aka kuma kashe yara 19 da malamai 2 a wata makaranta a garin Uvalde a 2022.

Mu kuwa dokarmu daban ce, kuma wannan ne abin da na fi so matasa su ji. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, waɗanda suka haɗa da mashinga, ƙaramar bindigar hannu da bindigogin yaƙi masu harsashi irin milimita 7.62, wato ajin AK-47, kuma ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigar toka ta iyayenmu mafarauta, wadda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da izininta. Wanda aka kama da haramtacciya ba lasisi hukuncinsa ba ya gaza ɗaurin shekara 10, kuma shigo da kowace iri daga waje yana da nasa izinin dabam. Abin da yake sayayyar kanti a jihar Texas ta Amurka laifi ne babba a Bauchi.

Saboda haka duk wanda ya yi wa ɗanmu tayin irin wannan bindiga a ɓoye, kayan fasa-ƙwauri yake sayarwa, kamar sauran bindigogin da jami'an kwastam suka kama guda 661 a Legas a Janairun 2017, da guda 844 a tashar ruwa ta Onne a 2024. Wannan hanya ɗaya ce da wadda 'yan bindigar daji ke samun nasu makaman, kuma kuɗin mai saye yana ƙarfafa ta ne. Babu takarda, babu gwaji, babu wanda za a kama idan ta fashe a hannu. Na san wasu shugabanni sun taɓa kiran jama'a su kare kansu, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi a 2022 lokacin da ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, amma babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Furucin ɗan siyasa ba zai ceci kowa a gaban alƙali ba.

Roƙona ga gwamnatin Jihar Bauchi da rundunar 'yan sanda shi ne su ɗauki ainihin abin da mizanin soja ya ƙunsa su yi aiki da shi a kan 'yan banga da mafarautan da ke kwana a daji dominmu. A yi musu rajista ta hannun hakimai da dagatai, a rubuta lambar kowace bindigar da doka ta yarje musu, a riƙa duba lafiyarta lokaci lokaci, a ba su horo da alawus, a kuma kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Ita kuma Majalisar Tarayya ta sake duba dokar 1959, domin an rubuta ta tun kafin samun 'yancin kai. Ku ma, ya Edita, da za ku ware shafi ku fassara sassan wannan doka zuwa Hausa, ku gayyato lauya da jami'in 'yan sanda su amsa tambayoyin masu karatu, da kun yi wa iyaye da matasa babban taimako.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku daga Unguwar Jahun, Bauchi.