Barka da Sallah daga bakin tekun Holan

Assalamu alaikum, Baba da Inna.

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Na san yanzu an kafa raguna a bakin wuta ƙofar gida, hayaƙi ya cika unguwa, sai gobe a yi rabo. Mu nan mun yi idi, kowa ya koma bakin aiki.

Inna, kin tambaye ni abin da nake kallo in na gaji. Wani tsuntsun teku ne, ƴan nan na ce masa grote stern. Fari ne, kansa baƙi da ɗan tukku, bakinsa baƙi amma tsinin rawaya. Daga sama yake faɗowa ruwa da ka, ya fito da ɗan kifi. Yadda muke jiran shamuwa haka suke jiransa. Wajen Afrilu ya iso, ya saka ƙwai ɗaya ko biyu kan yashi, sanyi na matsowa ya kama hanyar gaɓar Senegal da Gana.

Labarinsa ya tsaya mini a rai. Wajen 1950 ana ƙirga sheƙarsa fiye da 25,000 a ƙasar nan. Zuwa 1965 ko 1,000 ba su cika ba. Dalili kuwa maganin ƙwari ne da ke zuba cikin ruwa daga wata masana'anta kusa da Rotterdam, har da diyeldirin, irin wanda aka taɓa feshin fara da shi a ƙasashenmu. Guba ta shiga kifi, tsuntsu ya ci, ya kai wa ƴaƴansa. Da aka tsai da zubarwar, sai da aka yi shekaru gomomi kafin su kai wajen 18,000. Tsuntsun da ƙwansa bai wuce biyu ba, ina zai mai da asara da wuri? Ana cikin haka, a 2022 murar tsuntsaye ta faɗa musu tsakiyar kwanci. An tsinci gawar manya fiye da 8,000, a tsibirin Texel wasu wuraren ba a bar ko ɗaya ba, ƴan tsaki suka mutu da yunwa.

Shi ya sa nake roƙo, Baba, ka ja kunnen auta. In ya gama feshi a lambun Jiratawa, kada ya wanke famfon cikin ruwan da ke gangarawa gulbi, galan ɗin magani kuma a fasa shi a binne, kada yara su ɗebo ruwa da shi. Kifin gulbin mu ke cinsa. Kaza ko zabo in ya mutu haka kawai, kada a fige, a gaya wa malamin dabbobi.

Na aiko da ɗan saƙo ta hannun Kawu, a fitar wa Gwaggo nata. Ku gaida Yaya da yara, a sa ni cikin addu'a.

Ɗanku na Holan.