Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabar makarantar da ta tambayi yadda ake koyar da zane a wasu ƙasashe

Assalamu alaikum Malama, ranki ya daɗe.

A taron malamai kin tambaye ni a gaban jama'a: yaya ƙasashen da suka yi nisa suke koyar da zane da ƙira, kuma me makarantar firamare mai yara 60 a aji, wadda ba ta da ɗakin zane, za ta iya ɗauka daga gare su? Ga amsar a rubuce.

Babban abin da ya raba mu da su shi ne tsarin darasi. A yawancin ajujuwanmu malami zai zana kofi a allo, yara su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na malam ya ci maki. Yaron ya koyi kwafi, amma bai kalli kofin gaske ba, bai kuma gwada komai da kansa ba.

Mu fara da Jamus. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a Weimar. Ta manya ce, amma darasin share fage da take tilasta wa kowane sabon ɗalibi ya zama tushen koyar da ƙira a ƙasashe da dama. Ɗaya daga cikin malamanta, Josef Albers, yakan ba ɗalibai takarda zalla ya ce su gano abin da za ta iya yi, ba tare da abin manni ba. Wannan darasi kina iya yin sa gobe. A ba kowane yaro fallen tsohuwar jarida, a ce ya sa shi ya tsaya da kansa har ya ɗauki littafin rubutu. Da farko duk za su faɗi. Kada malami ya nuna musu hanya. Can wani zai naɗe tasa kamar tabarma, wata ta linka tata gaba da baya, sai su ga takardar ta yi ƙarfi. Inda darasin ke lalacewa shi ne gaggawar malami: da ya nuna linki guda, yara 60 za su yi irinsa, an koma gidan jiya.

A Ingila darasin zane wajibi ne daga shekara 5 zuwa 14, kuma daga shekara 7 ana son yaro ya riƙe littafin da yake zana abin da ya gani. A jarrabawar GCSE, wadda ɗaliban sakandare suke yi a can, kashi 60 cikin 100 na makin yana kan tarin aikin da ɗalibi ya yi a tsawon karatunsa, kashi 40 a kan aikin da hukumar jarrabawa ta ba da, wanda ake kammalawa cikin awa 10 a gaban mai sa ido. A ganina riƙe littafin zanen nan ne ya fi cancanta mu ɗauka, domin littafin rubutu ɗaya ya isa. Doka guda ce: ba a yage shafi, ko da zanen ya ɓaci.

Birnin Reggio Emilia na Italiya, inda Loris Malaguzzi ya jagoranci makarantun ƙananan yara bayan yaƙin duniya na biyu, yana ware ɗakin aikin hannu da ƙwararren ma'aikaci a makaranta. Wannan ya fi ƙarfin aljihunmu. Abin da za mu iya shi ne barin aiki ɗaya ya ɗauki makonni, maimakon sabon abu kowane mako. A Finlan kuwa tun 1866 Uno Cygnaeus ya sa aikin hannu cikin karatun makarantun jama'a, yau maza da mata duk suna ɗinki da aikin katako. A Japan yara suna fara rubutu da buroshi a aji uku. Yaranmu da suka saba da allo da alƙalami sun riga sun samu irin wannan horon hannu, sai dai ba ma amfani da shi a ajin boko.

Haɗa na waje da na gida ba sabon abu ba ne. Shi ne kiran da ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka yi tun 1958. Idan kuma wasu iyaye suna ƙyamar zana mai rai, zayyanar allo, dagin Arewa, adon bangon gidajen Zazzau da aikin hula sun isa a koyar da layi, daidaito da maimaita siffa har shekara ta ƙare.

Yanzu ga aiki. A haɗa darasi biyu a jere. Minti 40 ba ya isa, domin rabon kaya da share aji suna cinye kusan rabinsa. A raba yara rukuni goma, shida-shida, kowane rukuni da mai kula da kaya.

Tawada: a jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, a tace, a zuba baƙin gindin tukunya ko gawayin da aka daka ya yi laushi. Idan ƙaro ya yi kaɗan, zanen zai goge da ya bushe. Idan ya yi yawa, zai yi ƙyalli ya tsattsage. Zoɓo yana ba da ja, a ɗiga masa ruwan kanwa yara su ga launin ya juya. Amma yana koɗewa a rana, kada a manna irin wannan aikin kusa da taga.

Yumɓu ya fi buƙatar haƙuri. A jiƙa shi kwana biyu, a tace da rariya don cire tsakuwa, a baza a kan buhu har ya daina manne wa hannu. A haɗa kashi uku na yumɓu da kashi ɗaya na dakakken tsingaro, sannan a murza sosai. Kaurin abin da yaro ya gina kada ya wuce na yatsa. A rufe da leda kwana biyun farko, musamman da hunturu, sannan ya bushe a inuwa aƙalla mako guda. Tsagewa tana zuwa ne idan baki ya bushe gindi yana ɗanye, fashewa a wuta kuma daga sauran danshin da ya zama tururi a ciki. Gashin a bar wa maginan tukwane na unguwa, a kai yara su gani.

Wajen maki, shawarata ita ce 40 a kan littafin gwaji, 40 a kan aikin da aka kammala, 20 a kan bayanin yaro: me ya gwada, me ya ƙi, me ya sauya. Don kada bayanin ya cinye lokaci, a saurari rukuni biyu a ƙarshen kowane darasi, cikin mako biyar kowa ya samu nasa.

Wassalam.
Naki, malamin zane da ƙira.