Kofin 1988 Ba Na MK Dons Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dukkan ma'aikatanka, da fatan aiki na tafiya lafiya. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga unguwar Morden da ke kudu maso yammacin Landan, direban bas ne ni. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani layi da na gani a shafinku na wasanni, inda marubucin ya kira MK Dons da tsohuwar Wimbledon da ta ci kofin FA a 1988. Ranka ya daɗe, da a unguwarmu aka faɗi wannan magana, sai an rirriƙe dattawa. Na san ba da gangan ya yi ba, shi ya sa nake roƙon a ba ni fili in warware zancen.

Wimbledon unguwa ce a gefen birni, cikin ƙaramar hukumar Merton. Yawancin mutane da gasar tanis suka san ta. Ƙungiyar ƙwallonta ta asali tsofaffin ɗaliban wata makaranta ne suka kafa ta a 1889, ta kuma zauna a filin Plough Lane tun 1912. Ta daɗe a cikin 'yan dagaji, ta ci kofinsu na ƙasa a 1963, sai a 1977 aka karɓe ta cikin gasar ƙwararru. Shekara tara bayan haka tana rukunin farko na Ingila. A 1988 ta doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi a Wembley: Lawrie Sanchez ya ci da ka, gola Dave Beasant kuma ya tare fenaritin John Aldridge. John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana cikin waɗanda suka buga ranar. Daga baya Efan Ekoku na Super Eagles shi ma ya yi shekaru a can.

Daga nan al'amura suka fara lalacewa. Bayan bala'in filin wasa na Hillsborough na 1989, inda turmutsitsi ya hallaka 'yan kallo da dama, an wajabta wa manyan ƙungiyoyi filin da kowa ke da kujera. Plough Lane ya tsufa, don haka a 1991 aka koma haya a Selhurst Park, gidan Crystal Palace. Aka sayar da kulob ɗin ga wasu attajiran Norway, ya faɗo daga Firimiya a 2000. Sai ga wani ɗan kasuwa, Pete Winkelman, da ke neman ƙungiyar da zai kai Milton Keynes, sabon gari mai nisan kusan kilomita 90. A ranar 28 ga Mayu 2002 kwamitin mutum uku da hukumar FA ta naɗa ya amince, biyu sun yarda, ɗaya ya ƙi. Mai karatu a gida ya ɗauka an wayi gari an kwashe Sai Masu Gida daga Ƙofar Mata an kai wata jiha, sannan aka ce wa mutanen Kano su riƙa bin mota in suna son kallo. Ba a tsaya nan ba, a cikin rahoton har da cewa ta da wata sabuwar ƙungiya a Wimbledon ba zai amfani harkar ƙwallo ba. Magoya baya ba su manta da wannan jimla ba har yau, wasu ma a riga suke buga ta.

Kwana biyu da hukuncin, magoya baya suka yanke shawarar kafa tasu, AFC Wimbledon. Kris Stewart, Ivor Heller, Marc Jones da Trevor Williams su ne a gaba. Ba fili, ba ɗan wasa ko ɗaya, ba riga. A watan Yuni suka yi shela cewa duk mai jin ya iya ƙwallo ya zo dandalin Wimbledon Common a gwada shi, mutum kusan 230 suka hallara, daga cikinsu koci Terry Eames ya tsamo tawagar farko. Ranar 10 ga Yuli suka yi wasan sada zumunta da maƙwabtansu Sutton United, aka lallasa su 4-0, amma mutum 4,657 ne suka shiga kallo. Wani maƙwabcina Bature, tsohon mai gyaran famfo wanda shi ya fara jawo ni kallon wasansu, yakan ce bai taɓa ganin jama'a na murna bayan an zura musu huɗu ba sai ranar.

An sa su a gasar Combined Counties, mataki na tara in aka ƙirgo daga Firimiya. A wannan mataki 'yan wasa kowa da sana'arsa: magini, ɗan aike, malamin makaranta. Da rana suna wurin aiki, atisaye da daddare sau biyu a mako, ranar Asabar a buga wasa a karɓi ɗan alawus. Filayen abokan karawarsu sun saba da 'yan kallo hamsin ko ɗari, sai ga mutum dubu biyu sun dira. A wasan farko na gasa a Sandhurst sai da aka jera dammunan ciyawa mutane suka hau don su hango fili. Ƙananan ƙungiyoyi da dama sun samu kuɗin ƙofa a rana guda da ya fi na kakarsu gaba ɗaya. Shekarar farko a na uku suka ƙare, ba su haura ba. Amma daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004 sun buga wasan gasa 78 a jere ba a doke su ba, tarihin da ya tsaya a Ingila.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi ya fi yawan cin wasa. Wa ke da ƙungiyar? Wata ƙungiyar magoya baya ce mai suna Dons Trust take riƙe da mafi rinjayen kaso. Kowa na iya shiga in ya biya kuɗin shekara, kuma ƙuri'a ɗaya kowa ke da ita, attajiri da direban bas irina duk ɗaya. Su ke zaɓen shugabanni, kuma ba a sayar da fili ko a sauya suna sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a da babban rinjaye. Mutanen da aka taɓa ƙwace wa ƙungiya da sa hannun mutum biyu, dole su ɗaure ƙofa haka. A shekarun nan masu sayar da tikiti, masu share wurin zama, masu buga mujallar wasa, kusan duk aikin sa kai suke yi. Kamfanin Sports Interactive, masu wasan kwamfuta na Football Manager, shi ya ɗauki nauyin riga tun farko.

Aikin sa kai kuma yana da tasa illar. A kakar 2006 zuwa 2007 suka ɗauki Jermaine Darlington, wanda ƙungiyarsa ta baya Cardiff City ce. Cardiff a gasar Ingila take bugawa amma a Wales take, don haka ana bukatar takardar izini ta ƙasa da ƙasa, ba wanda ya lura. Aka kore su daga gasar FA Trophy, kofin ƙananan ƙungiyoyi, aka zaftare musu maki 18, sai da suka ɗaukaka ƙara aka mayar da shi uku.

Ba zan ce komai nasu fari ne tas ba. Filin da suka fake, Kingsmeadow, gidan wata ƙaramar ƙungiya ne mai suna Kingstonian. Da farko 'yan haya ne, a 2003 suka sayi haƙƙin wurin, masu gida suka koma 'yan haya. Da Wimbledon ta tashi gina nata filin sai ta sayar wa Chelsea, ƙungiyar matansu ta koma wasa a can, Kingstonian kuwa ta bar wurin a 2017 tana yawon haya. An ba ta kuɗin sallama, amma a ganina waɗanda suka san zafin rasa gida ya kamata su fi haka tausayi. In na faɗi wannan a cikin 'yan kallo ba kowa ke jin daɗi ba.

Hawan dai ya ci gaba: 2004, 2005, sannan 2008 da 2009 a hannun koci Terry Brown. Sai dab da ƙarshen tafiyar nan 'yan wasan suka ajiye sana'o'insu suka koma ƙwallo zalla. A Mayun 2011 suka haɗu da Luton Town a wasan ƙarshe na neman gurbi a filin Manchester City, aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe, 4-3. Shekara tara daga ranar gwaji a dandali sun shiga gasar ƙwararru, daidai adadin shekarun da tsohuwar ta ɗauka daga 1977 zuwa rukunin farko. A 2016 suka ci Plymouth 2-0 a Wembley suka haura League One, rukuni na uku, Adebayo Akinfenwa, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya, shi ya ci ta biyu. A 2018 MK Dons ta faɗo ƙasa da su. A Janairun 2019 suka fitar da West Ham daga kofin FA da ci 4-2.

Komawa gida ita ce ta fi wuya. Sabon Plough Lane an gina shi inda ake tseren karnuka a da, taku kaɗan daga tsohon wurin, yana ɗaukar mutum dubu tara da 'yan kai. Ana tsakiyar gini kuɗi suka yanke, aka fara maganar sayar da kaso mai yawa ga masu zuba jari. Magoya baya suka ƙi, suka fito da tsarin ba ƙungiyar rance daga aljihunsu, aka tara sama da fam miliyan 5. An buɗe filin ranar 3 ga Nuwamba 2020, aka yi 2-2 da Doncaster, kuma saboda korona ba ɗan kallo ko ɗaya a ciki bayan shekara 29 ana jira. Sun faɗo a 2022. A Satumbar 2024 kogin Wandle ya yi ambaliya ya farfasa filin, har wasansu da Newcastle ya koma can arewa, jama'a suka sake tara sama da fam dubu 100 cikin 'yan kwanaki. A Mayun 2025 suka doke Walsall 1-0 a Wembley suka koma League One.

Game da kofin 1988 kuwa, maganar ta riga ta mutu tun tuni. Ƙungiyar da aka kwashe ta koma Milton Keynes a 2003, ta sauya suna zuwa MK Dons a 2004, da sabuwar riga da sabon tambari. A 2007 ita da kanta ta miƙa kofuna da kayan tarihin tsohuwar Wimbledon ga ƙaramar hukumar Merton, ta kuma amince cewa tarihinta daga 2004 ya fara. Tun da mai abin ma bai yi iƙirari ba, bai kamata jaridarmu ta yi masa ba.

Ina roƙon a gyara wannan layi a fitowa ta gaba. Kuma in da hali, a riƙa ɗan ware wa ƙananan rukunai gurbi a shafin wasanni, ko da sakamako ne kawai, don ba Arsenal da Chelsea kaɗai ke buga ƙwallo a Landan ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu,
daga Morden, Landan