Kalmar "stake" da yawan kiran "masu ruwa da tsaki" a labaranmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan wata kalmar Turanci da ke wahalar da masu fassara labarai, wato "stake", da 'yarta "stakeholders", wadda kusan kullum sai mun ci karo da ita a shafukanku da sunan "masu ruwa da tsaki". Koyar da Turanci na yi a makarantar sakandare har na ajiye alli, shi ya sa irin wannan ba ya wuce ni.

Tushen kalmar itace ne. A tsohon Turancin Ingila "staca" ake cewa, wato sanda mai tsini da ake kafawa a ƙasa, kamar turken akuya, ko dirkar shinge, ko sandar da ake kafa wa doya ta hau. Da aka gano zinare a Kaliforniya a 1848, jama'a suka yi ta tururuwa can, duk wanda ya dace da wuri sai ya kakkafa itatuwa a kusurwoyinsa don kowa ya san yana da mai shi. Har gobe Bature kan ce ya kafa wa abu "stake" idan yana nufin ya yi iƙirarin nasa ne. Mu ma mun bi irin wannan hanya da kalmar fegi da muka aro. Yau idan mutum ya ce ya sayi fegi biyu a bayan gari, babu mai kawo ƙusar katako a ransa, kowa ya san fili ake nufi.

Akwai kuma turke mai ban tsoro, wanda ake ɗaure mutum a jikinsa a kashe shi. A kan irinsa aka ƙona Joan ta Arc, budurwar da ta jagoranci mayaƙan Faransa, a birnin Rouen na Faransa ranar 30 ga Mayun 1431, aka kuma ƙona masanin falsafa Giordano Bruno a Rum a 1600. Dattawan da suka riski mulkin soja za su tuna yadda ake ɗaure 'yan fashi a turaku a Bar Beach ta Legas a bindige su a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a 1971. A nan fassara ba ta da wuya, turke turke ne. Haka nan kada a haɗa ta da "steak", yankan nama, wanda furucinsu ɗaya amma ma'anarsu daban.

Inda aiki yake shi ne ma'ana ta biyu, ta caca. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke kiran kuɗin da ɗan caca ya zuba da wannan suna. Dalilin da ya sa tsofaffin gasannin sukuwar dawaki ke ɗauke da kalmar ke nan, irin St Leger Stakes da aka fara a Doncaster a 1776 da Belmont Stakes ta Amurka da aka fara a 1867: masu dawakin ne ke zuba kuɗi, wanda dokinsa ya yi fice ya kwashe. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun ga kalmar ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigar Everton daga 2022, kuma sunan kamfanin caca ne, ba wani abu ba. Daga teburin caca maganar ta fita ta shiga ko'ina, har "at stake" ta zama nufin duk abin da mutum zai rasa idan lamari ya ɓaci. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci suna fama da takwararta, "enjeu", wadda ita ma asalinta abin da aka zuba a wasa ne.

Ɗalibaina sukan rubuta mini cewa "rayukan jama'a na kan turke", in yi dariya in ja jan biro. Bahaushe cewa yake rayuka na cikin haɗari. Idan wasan ƙwallo ne mai zafi, masu sharhinmu tuni suka samo tasu, wasan ko a mutu ko a yi rai. Idan kuwa Bature ya ce ya ɗora mutuncinsa a kan wata magana, namu cewa zai yi, in ba haka ba ne a canza mini suna. Ba mu rasa kalmomi ba, Malam Edita. Saurin a kai labari kafin a buga ne ke sa a cafko ta farko da ƙamus ya miƙo.

A shafin kasuwanci kalmar na nufin kason da mutum ko kamfani ke da shi a wata harka, wato hannun jari, kuma a nan adadi ne labarin. Kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny, NNPC na da kashi 49 cikin ɗari, Shell 25.6, TotalEnergies 15, Eni 10.4. Wanda ya rubuta cewa kamfanin "na gwamnati ne" ya ɓatar da mai karatu, domin ita ce mai kaso mafi tsoka amma ba ta da rinjaye ita kaɗai. A 2021 an sanar NNPC za ta ɗauki kashi 20 na matatar Ɗangote a kan dala biliyan 2.76, sai ga shi a Yulin 2024 Aliko Ɗangote ya bayyana cewa kason ya tsaya a 7.2 saboda ba a cika kuɗin ba. A Arlit, kamfanin Orano na Faransa ne ke da kashi 63.4 na Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyam, kafin hukumomin Nijar su ƙwace mahaƙar a 2025. Ko a wasanni haka ne. Asusun zuba jari na Saudiyya ya sayi kashi 80 na Newcastle a Oktoban 2021, wannan an iya cewa saye ne. Amma Jim Ratcliffe da aka yi ta yaɗawa cewa "ya sayi Manchester United", kashi 27.7 ya samu a farkon 2024 tare da ragamar harkar ƙwallon, iyalan Glazer na nan da rinjayensu. Matasanmu 'yan kirifto ma suna da tasu da suke kira "sitakin", wato kulle kuɗin intanet a matsayin jingina don a riƙa tantance ciniki a samu lada. Tsarin da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin intanet, ta koma ke nan a Satumban 2022, kuma mai tantancewar da ya yi ha'inci ana zaftare masa abin da ya jingina. Ko'ina ka duba, ƙashin bayan kalmar ɗaya ne: mutum ya sa wani abu nasa, kuma zai iya rasa shi.

To, sai babbar damuwata. A farkon ƙarni na 18, "stakeholder" shi ne mutum na uku da 'yan caca biyu ke danƙa wa kuɗinsu ya riƙe amana har a ga wanda ya ci. Ɗan ba-ruwana ne, ko sisi ba shi da shi a ciki, kuma lauyoyi na amfani da wannan ma'ana har yanzu. Sabuwar ma'anar ta ɓullo ne a wata takarda ta Cibiyar Bincike ta Stanford a 1963, sannan wani malamin jami'a Ba'amurke, Edward Freeman, ya yayata ta a 1984. Abin da yake cewa shi ne, kamfani ba na masu hannun jari ne kaɗai zai duba ba, akwai duk wanda zai iya shafar aikinsa da duk wanda aikin zai shafa, daga ma'aikata da masu saye har mazauna garin da masana'anta take. Tony Blair, shugaban jam'iyyar Labour ta Birtaniya a lokacin, ya shigar da ita siyasa a wani jawabi da ya yi a Singafo a 1996. A ganina, ta bakin hukumomin ba da tallafi da tarurrukan bita ta iso mana.

Wanda ya fara fassara ta da "masu ruwa da tsaki" ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sai dai idan muka ce wane ya yi ruwa ya yi tsaki a wata hidima, muna nufin ya shiga ya fita, ya tsaya tsayin daka, da shi aka ƙulla. Wannan ya ɗauko rabin ma'anar ne kawai, na masu juya al'amari. Ɗaya rabin, na waɗanda al'amarin zai faɗa wa a ka, ya zube a hanya. Shi ya sa mai karatu da ya ga "masu ruwa da tsaki" manyan riguna yake hangowa.

Na taɓa zama a irin wannan taro a wani otal a babban birnin jiharmu, kan rabon ruwan noman rani. An jera manyan baƙi a babban teburi da gorunan ruwa a gabansu, an raba jaka da biro, an buɗe da addu'a, aka shiga jawabai da Turanci har azahar. Manoman da aka kawo suna can kujerun baya kusa da ƙofa. Wani dattijo cikinsu, hannunsa duk kanta, ya ɗaga yatsa ya gaji, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, a fito a yi hoto. Da yamma na ji a rediyo cewa masu ruwa da tsaki sun amince da sabon jadawalin sakin ruwa. Babu ko ɗaya a babban teburin nan da tumatirinsa zai bushe idan an rufe madatsa mako biyu. Dattijon ne ya zuba kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, wataƙila ma bashi ya ciwo. In dai ma'anar kalmar za a bi, shi ne ya fi kowa cancantar sunan a ɗakin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A siyasa abin ya fi muni. Idan aka ce masu ruwa da tsaki na jam'iyya sun tsayar da ɗan takara ta hanyar maslaha, sau da yawa mutum biyar ko shida ne suka zauna a falon wani babba bayan sallar isha. Kalmar ta zama mayafi, tana ba ɗan ƙaramin zama kamannin taron jama'a, jarida kuma ta buga ta haka ba tare da ta tambaya ba.

Ba cewa nake a yi watsi da ita ba, ta riga ta zauna a bakin mutane. Roƙona shi ne ka umarci wakilanku su riƙa faɗa mana su wane ne. Idan kwamishina ne da 'yan kwangila da hakimai biyu, a rubuta haka. Idan shugabannin jam'iyya ne, jiga-jigai ko masu faɗa a ji ya wadatar. Idan masu kuɗi a kamfani ne, a ce masu hannun jari, a kuma faɗi kason kowa. Idan manoma ko 'yan kasuwa ko iyayen yara ake nufi, a ce waɗanda abin ya shafa, sannan wakilin ya je ya ji ta bakinsu kafin ya aiko da labarin, ko da ba a gayyace su taron ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, mai karanta ku a kullum.