Zuwa ga ƙawata a Kanada, maganar 'yan ƙananan donat ɗin nan

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya kike, ya maigida da yara, ya fama da sanyin can? Mu nan Kaduna lafiya lau alhamdulillah, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa, ƙura ko ina. Umma tana gaishe ki, tace wai tunda kika tafi ko muryarki ba ta ji.

Na ga hoton da kika turo a WhatsApp na 'yan dunƙulallun donat ɗin shagon Tim Hortons, Timbits ko, da kika ce yaranki sun ƙwallafa rai kullum sai an saya. Tun 1976 suke sayar da su fa, amma wallahi ba abin da zai gagare ki bane a kicin, kuma na gida ya fi min kwanciyar hankali don kin san man da kika soya da shi. Abu ɗaya dai, dan Allah kar ki yi masa kwaɓin fanke, nan ne mutane ke ɓata shi. Fanke ruwa-ruwa ake kwaɓawa a yanko da hannu a jefa a mai, shi kuwa wannan kwaɓinsa da ɗan tauri, akwai bota da ƙwai da madara, sai an murza an yanka.

Ni ina sa fulawa kofi 4, suga rabin kofi, yis babban cokali 1, bota cokali 3, ƙwai 2, madara kofi 1, gishiri kaɗan, sai in goga gyaɗar ƙamshi. Madarar ɗumi kawai za ta yi, in kin tsoma yatsa kin ji ta ƙona ki to za ta kashe yis ɗin. Ki jiƙa shi a ciki da ɗan suga kamar minti 10, in ya yi kumfa yana da rai, in kuwa ya kwanta shiru ki zubar kar ki yi asarar fulawarki, da ma a nan fulawa da man gyaɗa sun yi tsadar da in ka shiga Kasuwar Bacci ko Kasuwar Gumi sai ka fito kana lissafi. Ki haɗa komai ki yi ta murzawa har ya daina manne miki a hannu ya yi santsi, sai ki rufe da leda ya tashi ya ninka, awa ɗaya ko fiye. Da hunturu ni rana nake kai robar, ke da ba ki da rana yanzu ki sa a oben a kashe, ki ajiye kwanon ruwan zafi a gefensa.

In ya tashi ki baza shi da kwalba, kaurin yatsa, ki dinga fitar da su da murfin gorar ruwa. Ki jera a faranti su ƙara hutawa minti 20.

To suyar ita ce aikin. Mai ya zama da yawa yadda za su yi iyo, wuta kuma tsaka-tsaki, in kina da abin auna zafi wajen digiri 175 na Celsius. In babu ki jefa ɗan guntu, idan ya taso sama yana 'yan kumfa a hankali to ya yi, in ya yi ja nan take man ya wuce, waje zai ƙone ciki ɗanye. In kuma man bai yi zafi ba haka za su sha shi su yi nauyi, ki matsa ɗaya mai na tsatsowa, ba daɗi sam. Kar ki cika kaskon, kaɗan kaɗan. Za ki ga wasu suna juya kansu, wasu kuma taurin kai gare su sai kin danna da matsami. Minti 2 zuwa 3 sun yi.

Ki tsame su a kwando, tun da sauran zafi ki juya su cikin suga da garin kirfa, in sun huce sugan ba ya kamawa. Kuma a ranar ake cinye su, washegari sun fara tauri.

In kin yi ki turo min hoto, ki fasa ɗaya biyu in ga cikinsa. Ki kira Umma dan Allah, bayan isha'i agogonmu tana nan zaune. A shafa min kan yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Unguwar Rimi